Albasa da Halin Ruwa: Tsadar Imani da Addinin Arha

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar ci gaban Aliero



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ja kwanakinmu har Ya sake tara mu a wannan gari namu mai albarka. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakuna, malamanmu masu daraja, shugabannin uwar ƙungiya da na rassa, iyayenmu mata, da sauran 'yan'uwa da suka taso daga Legas da Abuja da Kaduna da Kano da Sakkwato da Fatakwal, muna yi wa kowa barka da zuwa gida. Allah Ya mayar da kowa masaukinsa lafiya.

Gabatarwa

A kowace shekara idan muka yi irin wannan haɗuwa, maganarmu ba ta wuce hanya da ruwan sha da asibiti da kuɗin makarantar yara, kuma hakan daidai ne, domin saboda su aka kafa wannan ƙungiya. Amma bana kwamitin shirya taro ya nemi mu waiwayi harsashin da duk waɗannan ayyuka suke tsaye a kansa, wato gaskiyar riƙonmu da addini. Ba mu karɓi wannan nauyi don mun fi kowa sani ba. A gaban malamanmu muke tsaye, kuma duk abin da za mu faɗa, kanmu muka fara faɗa wa.

Tambaya ɗaya muka zo da ita. Tun da muka bar gida muka shiga birni, me addininmu ya taɓa ci mana? Wace riba muka taɓa bari, wane muƙami ya taɓa kuɓuce mana, wane babban mutum ya taɓa fushi da mu saboda mun ƙi saɓa wa Allah? Masallatai sun yawaita, alhamdu lillahi. Wa'azi yana cikin wayar kowa, masu hali suna zuwa Umara kusan kowace shekara. Duk wannan alheri ne. Sai dai Hausawa na cewa arha ba ta ado, kuma mutumin Aliero ya fi kowa sanin cewa idan aka sallama maka buhun albasa da arhar da ta wuce hankali, to akwai abin da ke ƙasan buhun.

Abin da ya faru a bayan gidanmu

Ba sai mun yi nisa ba kafin mu ga mutanen da imani ya ci wa komai. A nan yankin Jega ne garin Gimbana yake, inda Malam Abdussalami, ɗaya daga cikin manyan almajiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya yi ƙaura da jama'arsa. Abin da ya fitar da su daga Gobir shi ne dokokin Sarki Nafata, wanda ya hana kowa wa'azi in ba Shehu ba, ya hana ɗa barin addinin ubansa, ya hana maza naɗa rawani da mata yin lulluɓi. Da sun so, da sun kwance rawunan sun zauna lafiya a gidajensu. Suka zaɓi su bar gida.

Hakan bai tsirar da su ba. A watan azumin shekarar 1218 ta Hijira, wato ƙarshen 1803, rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta auka wa Gimbana, aka kashe na kashewa, aka ɗaure sauran aka nufi Alƙalawa da su. Da aka biyo da su ta kusa da Ɗegel, jama'ar Shehu suka kwance su. Wannan ne ya kawo ƙarshen zaman lallaɓa tsakanin Shehu da Gobir. Yunfa ya nemi Shehu ya fita shi da iyalansa kaɗai, ya rabu da jama'a. Shehu ya ƙi. A watan Fabrairun 1804 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, malamai da mata da yara da tsofaffi, da littattafai a bayan raƙumi.

Mun saba jin labarin nasarar Tabkin Kwatto a 1804, da cin Birnin Kabi a 1805, da faɗuwar Alƙalawa a 1808. Abin da ba mu cika faɗa wa 'ya'yanmu ba shi ne yunwa da cuta da suka bi jama'ar a waɗannan shekaru, da yaƙin Tsuntsuwa a ƙarshen 1804 inda aka rasa mutane kimanin 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200, da kuma wahalar da aka sha a Alwasa a 1805. Garin Jega kansa ɗan Malam Abdussalami, wato Buhari, shi ya kafa shi wajejen 1820, bayan rigingimun da suka biyo bayan rasuwar Shehu. Ashe ƙasar nan da muke kira gida, mutanen da suka rasa gidajensu saboda addini suna cikin waɗanda suka raya ta.

Tun kafin hijira ma Shehu ya nuna wa almajiransa irin kuɗin da ake biya. A taron idi na Magami, wajejen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya yi wa malamai kyauta, ya ware wa Shehu miskali 500 na zinariya. Shehu ya ƙi karɓa. A maimakonta ya roƙi abubuwa 5: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a mutunta masu rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Mu tambayi kanmu, a gaban mai mulkin yau, da kyautarsa a hannu, mutum nawa ne cikinmu zai tuna da fursuna da talaka?

Ranar da Malam Abdullahi ya juya baya

Wani zai ce wancan zamanin tsanani ne, mu kuwa Allah Ya ba mu sauƙi, babu mai hana mu salla ko rawani. Gaskiya ne. Shi ya sa labarin da ya fi kama da halinmu shi ne na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu, wanda yake kwance a Gwandu nan kusa da mu, wanda kuma jami'ar da aka kafa a garinmu a 2006 take ɗauke da sunansa a yanzu.

Wajejen 1807, a lokacin da nasara ta fara zuwa, ganima tana shigowa, garuruwa suna mubaya'a, Malam Abdullahi ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka da Madina. Ba tsoron yaƙi ne ya kore shi ba, domin shi ya jagoranci jama'a a Kwatto. A littafinsa Tazyinul Waraƙati ya bayyana dalilinsa da kansa. Ya duba ya ga yawancin abokan da aka fara tafiyar da su sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka maye gurbinsu kuwa hankalinsu ya koma kan sarauta da dukiya da dawakai da tufafi. Sunan aikin bai canza ba, tutar ba ta canza ba, zuciya ce ta canza.

Da ya isa Kano, mutanen gari suka riƙe shi, suka roƙe shi ya koyar da su. Ya ga irin cutar da ya gudo mata tana nan tare da su. A nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa shari'a, ya karantar da su tafsiri, daga baya ya komo gida ya ci gaba da aikinsa har ya rasu a Gwandu.

Darasin a bayyane yake. Jarrabawar wadata ta fi ta tsanani wuyar ganewa, domin mai tsanani ya san ana jarraba shi, mai wadata kuwa yakan ɗauka an riga an yarda da shi. Idan har mutanen da suka ga Shehu da idonsu son duniya ya fara cin su cikin shekaru 3 da hijira, mu da muke zaune a ofisoshi masu sanyi a Abuja, wace garkuwa gare mu? Kunya ce babba a ce mun rubuta sunan Malam Abdullahi a ƙofar jami'a, alhali abin da ya sa shi barin runduna shi ne abin da muke gasa a kansa.

Darasi daga maƙwabtanmu

Wannan cuta ba ta Musulmi kaɗai ba ce. Da yawa daga cikinmu muna zaune da Kiristoci a birane, muna aiki ofis ɗaya, muna ciniki kasuwa ɗaya, a jiharmu ma muna da 'yan'uwa Kiristoci a ƙasar Zuru da sauran wurare. Su ma malamansu na ƙwarai sun daɗe suna kuka da addinin jin daɗi. Tarihi ya nuna mana cewa sahabbai sun sami mafaka wurin Najjashi, sarkin Kirista na Habasha, don haka ba aibi ba ne mu ɗauki darasi daga mutumin kirki na cikinsu.

A ƙasar Jamus an yi wani fasto mai suna Dietrich Bonhoeffer, wanda aka haifa a 1906. Da Hitila ya hau mulki a 1933, majami'u da yawa suka bi shi, wasu don tsoro, wasu don kwaɗayi, suka rufe ido ga zaluncin da ake yi wa Yahudawa da sauran raunana. Bonhoeffer yana cikin waɗanda suka ƙi. A 1937 'yan sandan asiri suka rufe makarantar da yake horar da fastoci, a wannan shekara kuma ya fitar da littafinsa a kan tsadar bin tafarkin Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Jigon littafin shi ne bambanci tsakanin rahama mai arha da rahama mai tsada. Ta farko ita ce wadda mutum yake yanka wa kansa, ya riƙe alkawarin gafara a baki, rayuwarsa kuwa ko gezau. Ta biyu ita ce wadda take tilasta wa mai neman ta ya bar wani abu da yake so.

A 1939 abokansa suka fitar da shi zuwa Amurka don ya tsira. Bai yi fiye da 'yan makonni ba ya komo Jamus, domin yana ganin ba shi da bakin yi wa mutanensa wa'azi bayan yaƙi idan bai sha wuyar tare da su ba. An kama shi a 1943, aka rataye shi ranar 9 ga Afrilun 1945 yana da shekara 39, makonni 2 kafin sojojin Amurka su iso sansanin da aka tsare shi. Aƙidarmu daban da tasa, amma maganar tasa mun san ta a gida. Malamanmu sun karantar da mu cewa tuba tana da sharuɗɗa: barin laifin, nadama, ƙudurin ba za a koma ba, da mayar da haƙƙi ga mai shi. Farkon Suratul Ankabuti ma gargaɗi ne cewa furta imani ba ya wucewa ba tare da jarrabawa ba. Mai cewa Allah Mai gafara ne alhali kuɗin marayu suna aljihunsa, rahama mai arha yake saye.

Inda ake biyan kuɗin a yau

Mu ba a ce mu bar gidajenmu ba, ba a kuma ɗora mana dutse a ƙirji kamar Sayyidina Bilal ba. Namu kuɗin a wurare ƙanana ake karɓarsa, inda babu mai tafa mana.

Na farko, bakin buhu. Albasar Aliero tana zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, tana zuwa Anaca da Fatakwal, tana ƙetare iyaka. Sunan garinmu ne a kan kowane buhu. Wanda ya jera manya a baki ya cusa ƙanana da masu ruɓa a ƙasa, ya sami ƙarin 'yan nairori, ya kuma sayar da mutuncin gari duka. Sura guda aka saukar a kan masu tauye mudu, kuma Manzon Allah ya nesanta kansa daga mai algus. Cika buhu da gaskiya yana rage riba a yau. Wannan ragin shi ne tsadar imanin ɗan kasuwa.

Na biyu, teburin ofis. Kowannenmu ya san irin ma'aikacin nan da ya ƙi sa hannu a takardar kwangilar da ba a yi ba, aka ɗauke shi daga kujera mai maiƙo aka jefa shi inda babu ko fanka, sa'o'insa suka gina benaye shi yana gidan haya har ya yi ritaya. Abin takaicin shi ne yadda mu danginsa muke karɓarsa. Mukan ce ba shi da wayo, ya sami dama bai taimaki kowa ba. Wanda ya kwaso kuwa shi muke ba kujerar gaba a taro, shi muke kira ya buɗe gidauniya, ba mai tambayar daga ina. Da bakinmu muke koya wa yaranmu cewa gaskiya wauta ce.

Na uku, zakka da gado. A mazhabarmu ta Malikiyya ba a fitar da zakka daga albasa kanta kamar yadda ake fitarwa daga gero da dawa da shinkafa, inda ake ba da kashi 1 cikin 10 na noman damina, da kashi 1 cikin 20 na wanda aka sha wahalar ban ruwa. Amma kuɗin albasa idan sun kai nisabi shekara ta zagayo, akwai kashi 1 cikin 40 a kansu, haka ma albashin da aka tara da jarin kanti. Mutum nawa ne yake zama da alƙalami ya yi wannan lissafi? Rabon atamfa da buhun shinkafa da azumi kyauta ce mai kyau, amma ba ta sauke farilla. Haka nan gonakin fadama da ake barin su shekara da shekaru ba a raba ba, maza suna nomawa, 'yan'uwa mata suna jin kunyar tambaya. Kujerar Hajji ba ta wanke wannan.

Na huɗu, lokacin zaɓe da neman aiki. Wanda ya karɓi kuɗi ya sayar da ƙuri'arsa, da wanda ya sayi takardar ɗaukar aiki wa ɗansa ya danne ɗan talakan da ya fi shi cancanta, da wanda ya biya a rubuta wa 'yarsa jarrabawa, duk sun sayi sauƙi da imaninsu, ko da kuwa su ne a sahun farko.

Garin nan Allah Ya yi masa baiwar ɗori, ana kawo masu karaya daga nesa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai ɗori ya san sai an ja ƙafa an daidaita ƙashi, majinyaci yana ihu, kafin a sa karan ɗori. Mai ɗorin da ya ji tausayin ihun ya shafa mai kawai ya naɗe, ya bar mutum da gurguntaka har abada. Wa'azin da ba ya taɓa mana ciwo, irin wannan ɗorin ne.

Kada a juya maganar

Wajibi ne mu yi togaciya a nan, musamman saboda matasanmu. Tsadar imani, mai imanin ne yake biya daga jikinsa da aljihunsa da son zuciyarsa. Ba a ɗora wa wani. Mun ga abin da Boko Haram ta jawo wa arewa maso gabas, mun kuma ga harin da Lakurawa suka kai Mera ta ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamban 2024. Masu kashe manoma su kore shanunsu da sunan zakka ba su biya komai ba, talakawa suka sa biya. Shehu ya shafe kimanin shekara 30 yana karantarwa da wa'azi da rubutu kafin hijira, kuma ya yi rubuce-rubuce yana tsawata wa ɗaliban da suke gaggawar kafirta jama'a. Duk wanda ya zo wa yaranmu da sunan Shehu a baki da bindiga a kafaɗa, ba tare da ilmin Shehu da haƙurinsa ba, ɓarawo ne da rawani.

Haka kuma ba muna cewa dukiya laifi ce ba. Sayyidina Usman da Abdurrahman ɗan Aufu attajirai ne. Abin dubawa shi ne wanda yake riƙe da wani, kai ko dukiyar. Ranar da Suhaibu Barume zai yi hijira, mutanen Makka suka tare shi, ya bar musu duk abin da ya tara don su ba shi hanya. A ranar ne aka san wanda yake riƙe da wani.

Shawarwari

Don kada mu watse da magana kawai, muna gabatar wa uwar ƙungiya da waɗannan shawarwari.

Ɗaya, a kowace shekara a karrama mutum ɗaya, namiji ko mace, saboda gaskiya da riƙon amana, ko da bai taɓa ba ƙungiya sisin kwabo ba. Malamin firamare ne, ko ma'aikaciyar jinya, ko dillalin albasa, yaranmu su ga an miƙe masa tsaye.

Biyu, a roƙi malamanmu su kafa kwamitin da zai taimaka wa 'yan ƙungiya lissafin zakka da rabon gado, a kuma tsara yadda zakkar 'yan birni za ta riƙa isowa ga mabuƙatan Aliero da Jega da Maiyama.

Uku, duk ɗan garin da ya shiga matsi a wurin aiki saboda ya ƙi cin amana, reshen garin da yake ya tsaya masa, ya duba iyalinsa. Gaskiya tana da nauyi, amma idan an taru an kama, tana ɗaukuwa.

Huɗu, ƙungiya ta fara da kanta. A riƙa karanta lissafin kuɗin shiga da na fita a bainar jama'a, a buga shi a wannan mujalla, a kuma daina karɓar gudummawar da kowa ya san asalinta ba shi da kyau.

Kammalawa

Idan ɗa ya kauce wa halin iyayensa na ƙwarai, Hausawa kan ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ruwan da ya shayar da mu, ruwan mutanen Gimbana ne da na Gudu da na Gwandu, da na iyayenmu da suka yi ta jan ruwa a fadama don su biya mana kuɗin makaranta da halaliyarsu. Kowannenmu idan ya koma masaukinsa, kafin watan nan ya ƙare, ya nemi abu ɗaya da ya san yana ci ba bisa haƙƙi ba ya ajiye shi, ko haƙƙi ɗaya da yake riƙe da shi ya mayar wa mai shi. Zai ji zafi, kamar yadda mai karaya yake ji a hannun mai ɗori. Badi in Allah Ya kai mu, sai mu zo mu ga ko ƙafar ta miƙe.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa namu ne, muna roƙon malamanmu su gyara mana. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa albarka a nomanmu da kasuwancinmu, Ya ba mu ikon biyan abin da imani ya nema a gare mu, Ya sa mu cika da kyau da imani.